Rikicin Shimfiɗar Tagogi a Lokacin Tada Manhajar Vim: Asalinsa da Hanyar Warware Shi

Gabatarwa

Daga cikin malaman da aikinsu ya shafi gyaran matani, ko haɗa ƙamus, ko kwatanta rubuce-rubuce biyu layi da layi, akwai waɗanda suka koma yin wannan aiki da irin manhajojin rubutu da masu tsara shirye-shiryen kwamfuta ke amfani da su. Cikin waɗanda suka daɗe a hannun mutane akwai Vim, da kuma Neovim wadda ta tsiro daga jikinta. Abin da ke jawo mai nazari gare su shi ne yana iya raba fuskar kwamfutarsa gida-gida, ya ajiye matani a dama, sharhinsa a hagu, jerin kalmomi a ƙasa, sa'an nan ya sa manhaja ta riƙe wannan shimfiɗa, ta mayar masa da ita gobe kamar yadda ya bar ta yau.

Amma akan wayi gari mutum ya tada manhajar ya tarar shimfiɗar ta hargitse. Wata taga ta fito fanko, wata ta zama biyu, wata kuwa ta matse har ba ta ɗaukar kalma uku a layi. Abin da aka saba yi shi ne a ɗora laifin a kan abin da aka ƙara wa manhajar a baya-bayan nan, a cire shi, a mayar, a taɓa nan a taɓa can, har matsalar ta kau ba tare da an san abin da ya kawar da ita ba, bayan mako guda kuma ta dawo. Ruwa kuwa ba ya tsami banza. Wannan takarda za ta nuna cewa rikicin yana da tushe biyu, watau jerin matakan da Vim ke bi wajen tashi, da kuma iyakar abin da take iya ajiyewa game da taga. Wanda ya riƙe waɗannan biyu zai gano mai laifi da gwaji kaɗan, gyaran da ya yi kuma zai ɗore.

1. Kalmomin aiki

Tilas a daidaita a kan wasu kalmomi tun da fari, domin rashin bambanta su ne ke sa bayanin matsalar ya yi duhu.

Bafa ita ce kwafin rubutu da manhaja ta ɗauko daga fayil ta riƙe a ƙwaƙwalwar na'ura, a kanta ake yin gyara kafin a adana. Taga kuwa gurbi ne a fuskar kwamfuta wanda ake leƙa bafa ta cikinsa. Bafa ɗaya tana iya bayyana a taga biyu, tana kuma iya zama ba ta bayyana a ko ɗaya ba. Shafi tarin tagogi ne da aka jera tare, yadda aka jera su kuwa, da faɗin kowace da tsayinta, shi ake nufi da shimfiɗa.

Ɗan-ƙari, wanda masu sana'ar ke kira filogin, ƙaramin shiri ne da wani ya rubuta dabam, ake ɗora shi a kan manhaja don ya ƙara mata wani aiki. Takardar zama fayil ne da Vim ke rubutawa idan aka ba ta umurnin :mksession, in aka karanta mata shi daga baya sai ta sake gina shimfiɗar. Umurnin dako kuwa umurni ne da ake ajiyewa ya jira aukuwar wani abu, kamar buɗe fayil ko rufe manhaja, da zarar abin ya auku sai ya zartu da kansa.

'Yan-ƙarin da ke takara a kan shimfiɗa iri uku ne. Akwai masu jeri, waɗanda ke buɗe siririyar taga a gefe su jera sunayen fayiloli, irin su NERDTree na Martin Grenfell da nvim-tree. Akwai masu maraba, waɗanda ke nuna jerin ayyukan da aka taɓa kwanan nan idan aka tada manhaja hannu wofi, irin su vim-startify na Marco Hinz. Sa'an nan akwai masu riƙon zama, waɗanda ke rubuta takardar zama, wasunsu kuma har su karanta ta ba tare da an umurce su ba, irin su vim-obsession na Tim Pope, da vim-session, da auto-session.

2. Abin da tarihi ya gadar

Vim ta samo asali ne daga vi, wadda Bill Joy ya rubuta a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1976. Bram Moolenaar, mutumin Holan, shi ya fitar da Vim ga jama'a a 1991, ya kuma ci gaba da kula da ita har rasuwarsa a 2023. Ba a lokaci ɗaya sassan da ake magana a kansu suka shigo ba. Raba fuska zuwa tagogi ya zo da fitowa ta 3.0 a 1994, takardar zama ta zo da 5.2 a 1998, raba taga a tsaye da tsarin 'yan-ƙari suka zo da 6.0 a 2001, shafuka kuma da 7.0 a 2006. Neovim ta fara a 2014, ta kuwa gaji wannan tsari kusan dukkansa.

Abin lura a wannan jeri shi ne, takardar zama ta girmi tsarin 'yan-ƙari da shekara uku. An ƙago ta ne a zamanin da kusan kowace taga fayil take nunawa, fayil mai suna, mai mazauni a cikin na'ura. Tagogin da 'yan-ƙari ke zanawa da kansu daga baya suka yawaita, takardar zama kuwa ba ta san yadda ake zana su ba har yau.

3. Yadda Vim ke tashi

Tashin Vim yana bin matakai a jere, jerin kuwa ba ya canzawa. Waɗanda suka shafi shimfiɗa su ne biyar.

Na farko, tana karanta fayil ɗin tsare-tsaren mai ita, watau vimrc, ko init.vim ko init.lua a Neovim. Na biyu, tana karanta 'yan-ƙari ɗaya bayan ɗaya, tana bin foldoji bisa jerin da aka rubuta su a runtimepath, a cikin kowace folda kuma tana bin haruffan sunaye, foldojin da ake kira after su ne na ƙarshe. Na uku, tana buɗe tagogi ta ɗauko fayilolin da aka ambata mata a layin umurni. Na huɗu, tana zartar da umurnin da aka haɗa mata da alamar -c, a nan ne kuma take karanta takardar zama idan an ba ta ita da alamar -S. Na biyar, tana shelar cewa ta gama tashi, shelar da ake kira VimEnter, sai duk umurnin dakon da ke jiran wannan shela ya zartu.

A mataki na biyar ɗin nan ne gizo ke saƙa. Mai jeri yana jiran VimEnter don ya buɗe tagarsa, mai maraba yana jiranta don ya nuna jerinsa, mai riƙon zama yana jiranta don ya mayar da aikin jiya. Vim ba ta auna wanda ya fi cancanta, tana zartar da su ne bisa jerin da aka rubuta su, na farkon rubutawa shi ne na farkon zartuwa. Tun da vimrc ta riga 'yan-ƙari, duk umurnin dakon da mai manhaja ya rubuta da hannunsa zai riga na 'yan-ƙari, tsakanin 'yan-ƙarin kuwa fifiko ya rataya ne a kan wanda aka fara karantawa.

Misalinsu kamar barori uku ne da maigida ya ce wa kowannensu, ba da sanin sauran ba, ya gyara zaure kafin baƙi su iso. Na farko ya shimfiɗa tabarmi. Na biyu ya leƙo ya ga an riga an yi shimfiɗa, ya juya abinsa. Na uku ya zo ya naɗe kome ya shimfiɗa nasa. Kowannensu abin da aka sa shi ya yi, laifin na wanda bai faɗa musu wa zai fara ba ne.

4. Abin da ke cikin takardar zama

Mutane da yawa suna ɗaukar takardar zama tamkar hoton fuskar kwamfuta ne da aka ɗauka aka ajiye. Wanda ya buɗe ta ya karanta, sunanta na asali Session.vim, zai ga jerin umurni ne irin waɗanda mutum zai iya bugawa da hannu. Kusa da farkonta akwai umurnin only da tabonly, masu rufe duk tagogi da shafuka ban da inda manuni yake. Daga nan sai ta koma foldar da aka yi aiki, ta lissafta sunayen fayiloli, ta raba tagogi, ta saka wa kowace fayil ɗinta, ta daidaita faɗi da tsayi, ta mayar da manuni layin da aka bar shi. A ƙarshe tana yin shelar SessionLoadPost, domin duk mai son yin wani abu bayan an gama shimfiɗa ya samu dama.

Abubuwa uku ne ke fitowa daga wannan. Na ɗaya, takardar zama tana fara aikinta da rushe abin da ta tarar. Na biyu, sunan fayil take ajiyewa, ba ta ajiye rubutun da ke cikinsa, saboda haka gyaran da ba a adana ba ba ya cikinta, kuma kada wanda ya dogara da ita wajen tsare masa aikin yini. Na uku, tagar da ɗan-ƙari ya zana ba ta da fayil a bayanta. Bafar NERDTree, alal misali, tana da suna irin NERD_tree_1, amma abin da ke cikinta ɗan-ƙarin ne ke rubuta shi duk sa'ad da aka kira shi. In takardar zama ta zo kan irin wannan taga sai ta ajiye gurbinta da sunanta kawai, ranar mayarwa kuma ta buɗe taga fanko mai wannan suna.

Abin da za a ajiye da wanda za a bari yana ƙarƙashin wani zaɓi mai suna sessionoptions, wanda jerin kalmomi ne. Kalmar blank tana sa a ajiye tagogin da ba su da fayil, buffers tana sa a ajiye bafofin da ba a nuna su a taga ba, curdir tana riƙe foldar aiki, tabpages tana riƙe dukkan shafuka, winsize tana riƙe girman tagogi, options kuwa tana riƙe dukkan zaɓuɓɓuka da ma'anonin da aka ɗora wa madannai. Vim tana zuwa da options a cikin jerin tun asali, Neovim ta cire ta, amma dukkansu biyu suna zuwa da blank.

5. Kamannin rikicin da dalilansu

Kama ta farko ita ce taga fanko a gefe, ko tagogin gefe biyu inda ake son ɗaya. Wannan na faruwa ne idan an rubuta takardar zama alhali tagar jeri tana buɗe, kuma blank tana cikin zaɓi. Ranar tashi takardar ta mayar da gurbin fanko, sa'an nan umurnin dakon mai jeri ya buɗe tasa ta gaske a gefenta. In mai riƙon zama ya sake rubuta takardar a lokacin rufewa, sai ya ajiye gurbi biyu, matsalar ta yi ta hauhawa.

Ta biyu ita ce ɓacewar tagar jeri bayan ta ɗan gilma. A nan mai jeri ne ya riga, domin umurninsa yana cikin vimrc, sa'an nan mai riƙon zama ya karanta takardarsa, umurnin only da ke farkonta ya share abin da aka shimfiɗa.

Ta uku ita ce ƙin fitowar jerin maraba. Ka'idar vim-startify ita ce ba ya fitowa sai idan ba a ambaci wani fayil ba, kuma bafar da manuni ke ciki wofi ce. In NERDTree ya riga shi, manuni yana cikin tagar jeri, wadda ke cike da sunaye, sai mai maraba ya ɗauka an riga an fara aiki, ya janye.

Ta huɗu ita ce tagogi su dawo daidai amma rubutun ya fito ba launi, ba kuma tsare-tsaren da suka dace da irin fayil ɗin. Dalili shi ne a Vim umurnin dako ba ya tada wani umurnin dako, sai in an rubuta shi da kalmar nested, ko ++nested a sabon salo. Gane irin fayil kuwa da umurnin dako ake yin sa a lokacin buɗe fayil. Saboda haka wanda ya karanta takardar zama daga cikin VimEnter ba tare da wannan kalma ba, fayilolinsa za su buɗe ba a gane irinsu ba.

Ta biyar ita ce lalacewar faɗin tagogi. Takardar zama tana rubuta faɗin kowace taga ne a matsayin kaso na faɗin fuska. Tagar da ta ci haruffa 30 cikin 120 za ta dawo da rubu'in duk faɗin da aka tarar a lokacin karanta takardar. In akwatin da Vim ke ciki ya sake girma bayan an gama lissafi, lissafin ya tashi a banza. Har wa yau akwai zaɓin equalalways, wanda yake kunne tun asali, aikinsa shi ne daidaita girman tagogi duk sa'ad da aka buɗe wata ko aka rufe wata. Ke nan mai jerin da ya buɗe tagarsa bayan an gama mayar da zama zai sa sauran tagogi su koma kai ɗaya. Wasu kuma sukan rubuta umurnin dako a kan VimResized mai daidaita tagogi da wincmd =, su manta da shi, shi kuwa ya riƙa share musu shimfiɗa da zarar akwatin ya motsa.

Ta shida ta shafi buɗe folda maimakon fayil, kamar a buga vim da ɗigo a gabanta. Vim tana zuwa da nata mai jeri, netrw, wanda Charles Campbell ya daɗe yana kula da shi, shi ke karɓar folda tun asali. NERDTree yakan karɓe wannan aiki daga hannunsa, masu nvim-tree kuwa suna ba da shawarar a kashe netrw tun a farkon fayil ɗin tsare-tsare. Daɗin daɗawa, folda abin ambato ce a layin umurni, saboda haka duk ɗan-ƙarin da sharaɗinsa shi ne kada a ambaci kome ba zai motsa ba.

Ta bakwai ta fi yawa a Neovim, inda masu kula da 'yan-ƙari irin su lazy.nvim ke jinkirta karanta wasunsu don manhaja ta tashi da sauri. Ɗan-ƙarin da aka karanta bayan shelar VimEnter ta wuce, umurnin dakonsa zai yi ta jiran abin da ba zai sake aukuwa ba. Akwai ma'ajin v:vim_did_enter da ke zama 1 da zarar an kai ga shelar, da shi marubucin kirki ke duba ko ya makara.

Akwai wata illa da ba ta shafi taga kai tsaye ba amma tushenta ɗaya. A ɗauka malami ya ɗora wa wasu madannai haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, a cikin vimrc, daga baya ya sake tsarin. In takardar zamansa ta tsohon lokaci ce kuma an rubuta ta da options, za ta mayar da tsohon tsarin a kan sabon, domin ita ake karantawa daga baya, shi kuwa ya yi ta gyaran vimrc yana mamakin abin da ya hana gyaran kamawa.

6. Hanyar bincike

Kafin a taɓa kome, a kwafe takardar zama a ajiye a wani wuri. Masu riƙon zama da yawa suna sake rubuta ta a lokacin rufe manhaja, wasu ma tun kafin nan, saboda haka buɗewa ɗaya da rufewa ɗaya sun isa su binne shimfiɗa mai kyau a ƙarƙashin lalatacciya.

Mataki na biyu shi ne a ware ɓangaren da laifin yake. Umurnin vim -u NONE yana tada manhaja ba vimrc ba 'yan-ƙari. Umurnin vim --noplugin yana karanta vimrc ya bar 'yan-ƙari. Umurnin vim -u NORC kuwa yana barin vimrc ya karanta 'yan-ƙari, sai dai a kula, 'yan-ƙarin da vimrc ce ke nuna wa Vim mazauninsu ba za su tashi ta wannan hanya ba. In aka haɗa na farko da takardar zama, watau vim -u NONE -S Session.vim, za a ga abin da takardar ke ginawa ita kaɗai. In taga fanko ta fito a nan, to ɓarnar tana cikin takardar, tun ranar rubuta ta aka yi ta. In kuwa shimfiɗa ta fito daidai, ɓarnar a lokacin tashi ake yin ta.

Mataki na uku shi ne a tambayi manhajar da kanta. Umurnin :scriptnames yana lissafta fayilolin da aka karanta bisa jerin karanta su. Umurnin :verbose autocmd VimEnter yana nuna duk masu jiran shelar tashi, kowanne da fayil ɗin da ya ajiye shi, wannan kuwa shi ne jerin masu takara. Umurnin :verbose set sessionoptions? yana faɗin abin da ke cikin zaɓin da wanda ya taɓa shi na ƙarshe. Umurnin :echo v:this_session yana faɗin takardar zaman da aka karanta, in an karanta wata. A cikin tagar da ake zargi, :set buftype? zai nuna ko bafa ce marar fayil, :ls! kuma zai fito da bafofin da aka ɓoye daga jeri. Wanda ke son ganin abin da ya auku ɗaya bayan ɗaya sai ya tada manhaja da vim -V9rahoto.txt, domin a mataki na 9 Vim tana rubuta kowane umurnin dako da ta zartar, a cikin fayil ɗin da aka ambata.

In duk wannan bai fito da mai laifi ba, sai a koma ga rabawa biyu. A kashe rabin 'yan-ƙari a gwada, a riƙe rabin da matsalar ta bi, a sake raba shi. Mai 'yan-ƙari 32 zai kai ga guda ɗaya a gwaji 5, watau 16, 8, 4, 2, 1. Amma akwai wani tarko. Rikicin shimfiɗa na mutum biyu ne, in rabon ya raba abokan faɗan, matsalar za ta ɓace a kowane ɓangare, mai bincike ya ɗauka ya yi kuskure. In haka ta faru, sai a bar rabi ɗaya a kunne gaba ɗayansa, a yi ta raba ɗaya rabin har a kama na farko, sa'an nan a bar shi a kunne a koma a raba wancan rabin har a kama na biyu. Sharaɗi shi ne abu ɗaya ake canzawa a kowane gwaji, a kuma rubuta sakamakonsa, a mayar da kwafin takardar zama mai kyau kafin gwaji na gaba.

7. Gyara

Ba a sarki biyu a gari ɗaya. Gyaran da ke ɗorewa shi ne a ɗauke wa 'yan-ƙari ikon tashi da kansu, a tara hukuncin shimfiɗa a wuri ɗaya, inda za a rubuta wa zai fara, wa zai biyo. Da farko a tsabtace abin da ake ajiyewa:

set sessionoptions-=blank
set sessionoptions-=options

Layin farko yana hana ajiye tagogi marasa fayil, na biyu yana hana takardar zama danne vimrc. Haka vim-obsession ke yi da kansa duk sa'ad da zai rubuta takarda. Sai dai wannan ba ya gyara takardun da aka riga aka rubuta, tilas a buɗe kowace, a rufe tagogin fanko da hannu, a sake rubuta ta da :mksession!.

Sa'an nan a cire tsohon umurnin dakon da ke buɗe tagar jeri, a hana mai maraba tashi da kansa, a rubuta aiki ɗaya mai ɗauke da jerin duka:

let g:startify_disable_at_vimenter = 1

function! Shimfida()
  if argc() > 0 || v:this_session != ''
    return
  endif
  if filereadable('Session.vim')
    source Session.vim
  else
    Startify
  endif
  NERDTree
  wincmd p
endfunction

autocmd VimEnter * nested call Shimfida()

Ma'anarsa ita ce, in an ambaci fayil, ko an riga an karanta wata takardar zama, kada a taɓa kome. In ba haka ba, a mayar da zama idan akwai takardarsa a foldar, in babu a nuna jerin maraba. Bayan wannan ya kammala ne za a buɗe tagar jeri, a mayar da manuni tagar da ya fito. Mai rushewa ya zo da fari, mai ƙarawa ya zo daga baya, wannan ita ce ka'idar, ko da waɗanne 'yan-ƙari ake aiki. Wanda faɗin tagoginsa ke lalacewa bayan haka sai ya ƙara set noequalalways, ya kuma duba ko yana da umurnin dako a kan VimResized. Wanda ke da mai riƙon zama mai mayarwa da kansa kuwa, sai ya zaɓi ɗaya, ko ya kashe masa mayarwar ya yi amfani da aikin da ke sama, ko ya bar masa ita ya rataya buɗe tagar jeri a kan SessionLoadPost. A Neovim, mai riƙon zama ba ya cikin waɗanda ya kamata a jinkirta karanta su.

Gargaɗi ɗaya ya rage. Tun da takardar zama jerin umurni ce, tana iya ɗaukar kowane irin umurni, har da mai share fayiloli. Aikin da ke sama yana karanta duk Session.vim da ya tarar a foldar da aka tada manhaja. Saboda haka foldar da ta zo daga hannun wani, ko aka sauko da ita daga intanet, a duba ta tukuna, in akwai irin wannan takarda a ciki a karanta ta da ido kafin a bar Vim ta karanta.

Kammalawa

Sunayen 'yan-ƙari suna canzawa, wanda ake yayi bana ba lalle ne a same shi baɗi ba, amma tambayoyin da ke warware rikicin shimfiɗa ba su wuce uku ba: su wa ke jiran shelar tashi, wane ne ke riga wani, kuma wace taga ce ba ta da fayil a bayanta. Na farko da na biyu :verbose autocmd VimEnter ke amsa su, na uku kuwa karanta takardar zama ke amsa shi. Malamin da zai koya wa ɗalibansa aiki da wannan manhaja zai kyauta in ya sa su buɗe Session.vim su karanta ta layi da layi tun kafin su ɗora ɗan-ƙari ko guda, domin wanda ya ga umurnin only a farkon takardar da idonsa ba zai sake mamakin inda tagarsa ta shiga ba.